Ƙwayoyin halittar da ke cin ɗanyen mai a ƙarƙashin teku

A can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa, akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya iya gani, waɗanda ɗanyen man fetur da iskar gas su ne abincinsu.

Masana kimiyya sun ce waɗannan halittu ne ke share mafi yawan man da ke tsattsafowa cikin teku daga ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne ke cinye wani kaso mai yawa na man da ke malala idan jirgin dakon mai ya yi hatsari ko rijiya ta fashe.

To sai dai binciken da aka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa aikin nasu yana da iyaka, yana kuma tafiyar hawainiya ƙwarai da zarar man ya kwanta cikin laka. Wannan batu ya shafi Najeriya, wadda ke haƙo wani ɓangare na manta daga teku mai zurfi, ya kuma shafi garuruwan arewa inda ake zubar da baƙin mai a ƙasa kowace rana.

Waɗanne irin halittu ne?

Galibinsu ƙwayoyin bakteriya ne, wato dangin ƙwayoyin da ke sa madara ta zama nono, ko su sa kalwa ta zama daddawa. Kowace ɗaya tsawonta bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita guda ba, don haka sai da madubin likita ake ganinta.

Akwai kuma wani rukuni na dabam da masana ke kira arkiya. A kamanni ba su da wani bambanci da bakteriya, amma tsarin halittarsu ya sha bamban, kuma da yawansu suna rayuwa ne a wuraren da babu iskar shaƙa ko kaɗan.

Shi kuwa ɗanyen mai, haɗin gambiza ne na dubban sinadarai, waɗanda mafi yawansu ake kira haidirokabon, saboda sinadarai biyu ne kawai suka haɗu suka yi su, wato haidirojin da kabon. Mafi sauƙinsu ita ce iskar metan, wadda ke tashi daga juji da kashin shanu idan sun ruɓe, kuma ita ce mafi yawa a cikin iskar gas da ake haƙowa. Daga nan sai gas ɗin girki, da fetur, da kananzir, da man dizal, da man juye na inji, har zuwa kwalta, wadda ta fi duka nauyi.

Abin da ke sa fetur ya ci wuta shi ne ƙarfin da ke ɓoye a cikin waɗannan sinadarai. Ƙarfin nan ne su ma ƙwayoyin ke nema. Bambancin kawai shi ne wuta takan cinye mai cikin ƙiftawar ido, su kuwa sannu a hankali suke ci, su bar ruwa da iskar kabon irin wadda mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi.

Daga ina suka saba da cin mai?

Tun kafin ɗan Adam ya haƙa rijiyar mai ta farko, man yana tsattsafowa da kansa ta tsagogin duwatsun da ke ƙarƙashin teku.

Wani rahoto da majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar a shekara ta 2003 ya ƙiyasta cewa man da ke shiga tekunan duniya a kowace shekara ya kai tan miliyan 1 da dubu 300, kuma kimanin tan dubu 600 daga ciki, wato kusan rabi, daga irin wannan tsattsafi yake fitowa, ba daga aikin mutane ba.

Bayan haka, binciken da aka wallafa a shekara ta 2015 ya nuna cewa ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwan teku suna amfani da hasken rana, su ma suna samar da wani nau'in haidirokabon mai sauƙi, har tan miliyan ɗaruruwa a shekara. Dalilin da ya sa ba ya taruwa shi ne, ana samar da shi ana cinyewa.

Ke nan masu cin man sun daɗe da samun abin kalaci. A ruwan da babu gurɓata, ba su kai kashi 1 cikin ɗari na bakteriyar da ke wurin ba. Amma da zarar mai ya malala sai su hayayyafa cikin 'yan kwanaki ko makonni, har su rinjayi sauran.

Yaya suke cin man?

Hanyoyi biyu ne, kuma abin da ke raba su shi ne samuwar iskar oksijin ko rashinta.

Inda akwai oksijin, kamar cikin ruwan teku da kuma fatar lakar da ke ƙasa, ƙwayar takan manna oksijin a jikin sinadarin man, ta mai da shi wani abu mai kama da kitse, sa'an nan ta riƙa gutsurarsa kaɗan-kaɗan. Tun da mai da ruwa ba sa haɗuwa, waɗansu ƙwayoyin kan fitar da wani abu mai aiki irin na sabulu, wanda ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo da za su iya mannewa a jiki.

Kowace ƙwaya da irin abin da ta fi so. Wadda ake kira Alcanivorax ta fi cin sassan mai marasa nauyi. Wadda ake kira Cycloclasticus kuma ta ƙware wajen fasa sassan da ke da siffar zobe, waɗanda su ne suka fi guba. Saboda haka ba a samun ƙwaya guda da za ta cinye ɗanyen mai ita kaɗai. Wata takan ci nata rabon ta bar wa wata.

A cikin laka kuwa lamarin ya sauya. A wuraren da lakar ke da yawan ruɓaɓɓun abubuwa, oksijin ba ya ratsa ta fiye da 'yan milimitoci ko santimitoci. A ƙasa da nan sai ƙwayoyin da ke numfashi da sinadarin salfet, wani gishiri mai ɗauke da farar wuta wanda ke da yawa a ruwan teku. Abin da suke fitarwa shi ne iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ake ji idan an tone baƙar lakar kwata ko ta kududdufi.

Wannan hanya ta biyu ba ta ba su ƙarfi sosai. Yayin da bakteriyar da ke da oksijin ke iya rabuwa gida biyu cikin sa'o'i, waɗansu daga cikin na cikin laka sai sun yi watanni kafin yawansu ya ninka sau ɗaya.

Ga kuma tsananin muhallin. Daga zurfin mita 1,000 zuwa ƙasa duhu ne na dindindin, sanyin ruwan kuma yana tsakanin digiri 2 zuwa 4 a ma'aunin salshiyas a mafi yawan wurare. Nauyin ruwan yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a duk mita 10, ta yadda a zurfin mita 1,500 ya ninka shi kusan sau 150.

Tarihin binciken

Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Nicolaas Söhngen na cikin waɗanda suka fara gano wannan al'amari. A shekara ta 1906 ya bayyana bakteriyar da ke cin iskar metan, a 1913 kuma ya nuna cewa akwai masu rayuwa a kan fetur da kananzir.

A 1946 Claude ZoBell na cibiyar binciken teku ta Scripps da ke jihar Kalifoniya ya tattara abin da aka sani, ya nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun bazu a ruwa da laka da ƙasar noma.

A farkon shekarun 1970 Ananda Chakrabarty, wani masani haifaffen Indiya da ke aiki a kamfanin General Electric, ya haɗa wata bakteriya daga dangin Pseudomonas mai iya cin sassan mai iri-iri. Neman haƙƙin mallakarta ya kai har kotun ƙolin Amurka, wadda a 1980 alƙalanta biyar suka amince, huɗu suka ƙi, cewa ana iya mallakar halittar da aka sarrafa a ɗakin gwaji. Hukuncin ya yi tasiri a harkar kimiyya, amma ba a kai ga sakin ƙwayar a teku don share malalar mai ba.

Gwaji babba na farko ya zo ne bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi karo da dutse a gaɓar Alaska a watan Maris na 1989, inda kimanin ganga dubu 260 suka zube. A can ba a kawo baƙin ƙwayoyi ba. Taki aka watsa a kan duwatsun gaɓa, domin na wurin su sami naitirojin da fosfaras, sinadaran da manomi ya sani a takin zamani, waɗanda ɗanyen mai ba shi da su isassu. Takin ya ƙara saurin aikin, amma fiye da shekaru goma bayan nan masu bincike sun ci gaba da tono man da ya maƙale a ƙarƙashin tsakuwa, kusan yadda yake.

A 1998 aka bayyana Alcanivorax borkumensis, wadda aka samo kusa da tsibirin Borkum na ƙasar Jamus, aka kuma kammala karanta tsarin halittarta a 2006.

A shekara ta 2000 Antje Boetius da abokan aikinta na cibiyar Max Planck da ke birnin Bremen suka warware wata tambaya da ta daɗe tana damun masana, wato ina iskar metan ɗin da ke tasowa daga ƙarƙashin teku take tafiya. A lakar da aka ɗebo daga tekun da ke daura da jihar Oregon, sun ga arkiya da bakteriya a dunƙule wuri guda: arkiyar na fasa metan, bakteriyar da ke kewaye da ita na ƙarasa aikin da salfet. Ana ƙiyasin cewa wannan haɗin gwiwa yana cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na metan ɗin da ake samu a lakar teku kafin ya fita. Da yake metan na cikin iskokin da ke ɗumama duniya, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Tun daga lokacin an same su a wurare masu ban mamaki. Akwai kwarin Guaymas da ke tekun yammacin Meksiko, mai zurfin mita 2,000, inda zafin ƙarƙashin ƙasa ke dafa laka tana zama mai. Akwai ramin Regab da ke tekun Atlantika daura da bakin kogin Kwango, a zurfin fiye da mita 3,000, wanda masu bincike na Faransa suka yi nazari a kai. A 2019 kuma masana daga Sin da Birtaniya suka ba da rahoton samun masu cin mai da yawan gaske a kwazazzabon Mariana, wurin da ya fi ko'ina zurfi a duniya, kusan mita dubu 11.

Darasin mashigin tekun Meksiko

Ranar 20 ga watan Afrilun 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki, ya yi bindiga ya kama wuta daura da gaɓar jihar Luwiziyana ta Amurka. Ma'aikata 11 suka rasa rayukansu.

Bakin rijiyar yana zurfin kimanin mita 1,500, kuma ta kwashe kwanaki 87 tana aman mai kafin a toshe ta ranar 15 ga watan Yuli. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa ganga miliyan 4 da dubu 900 ne suka fito.

Ba duka man ne ya taso sama ba. Wani kaso ya tsaya a tsakiyar ruwa, a zurfin mita 1,000 zuwa 1,300, kamar hazo. A watan Agustan wannan shekara wata tawaga a ƙarƙashin jagorancin Terry Hazen ta ba da rahoton cewa waɗansu bakteriya masu son sanyi sun cika wannan hazo suna cinsa da saurin da ba a zata ba. Wani binciken da ya fito a farkon 2011 ya ce iskar metan ɗin da ta fito kusan duk an cinye ta cikin kimanin watanni huɗu, ko da yake waɗansu masana sun yi jayayya da wannan lissafi.

Labarin ƙasan tekun kuwa dabam ne. Binciken da David Valentine na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, ya gano cewa mai ya kwanta a kan laka a fili mai faɗin murabba'in kilomita 3,200 kewaye da rijiyar. An kuma ga murjanin teku da ya lalace a nisan kilomita 11 daga wurin. Sassan man masu sauƙi sun tafi, masu nauyin sun daɗe.

An kuma fesa kimanin lita miliyan 7 na sinadarin da ke farfasa mai, da nufin sauƙaƙa wa ƙwayoyin aiki. Har yanzu ra'ayin masana bai zo ɗaya ba a kan amfaninsa, domin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jojiya, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa sinadarin yana iya danne waɗansu daga cikin ƙwayoyin da suka fi iya cin man.

Masana na kuma jan hankali cewa mashigin Meksiko wuri ne mai ɗimbin maɓuɓɓugan mai na asali, kuma man da ya zuba mara nauyi ne. Ba dole ba ne a sami irin wannan sakamako a ko'ina.

Ina Najeriya ta tsaya?

An gano mai a Oloibiri da ke jihar Bayelsa ta yanzu a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Shekaru da dama aikin ya tsaya ne a kan tudu da fadamun Neja Delta da kuma ruwa mara zurfi.

A watan Nuwamban 2005 rijiyoyin Bonga na kamfanin Shell, masu nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, suka fara aiki. Daga bisani Erha da Agbami da Akpo da Egina suka biyo baya. Ke nan Najeriya tana haƙar mai a irin zurfin da hatsarin Amurka ya auku.

A watan Disamban 2011 kimanin ganga dubu 40 suka malala a Bonga yayin da ake loda mai a jirgin dako. A saman ruwa abin ya faru, ba a bakin rijiya ba. Hukumar da ke da alhakin sa ido kan malalar mai a ƙasar ita ce NOSDRA, wadda aka kafa a 2006.

Amma inda aka fi ganin iyakar aikin ƙwayoyin shi ne ƙasar Ogoni a jihar Ribas. An daɗe ana amfani da wata dabara a can, ta kaftar ƙasar da mai ya ɓata, a juya ta domin iska ta shiga, a zuba taki, a bar bakteriya su yi sauran aikin.

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a watan Agustan 2011 ya ce dabarar ba ta biya bukata ba, domin man ba ya tsayawa a sama. A wurare 49 an tarar ya nutse aƙalla mita 5 cikin ƙasa. A unguwar Nisisioken Ogale an sami sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a ruwan rijiyoyi, har ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Rahoton ya ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a ware dala miliyan dubu ɗaya don somawa. An ƙaddamar da aikin sharar a watan Yunin 2016.

Ba kullum ne suke taimako ba

Ga kamfanonin mai, waɗannan ƙwayoyi sau da yawa maɓarnata ne. Idan suka shiga taskar mai ta ƙarƙashin ƙasa wadda zafinta bai kai digiri 80 ba, sukan cinye sassa masu sauƙi da tsada cikin miliyoyin shekaru, su bar mai kauri mai wuyar haƙowa da tacewa.

Ta haka ne aka sami ɗimbin mai mai nauyi na lardin Alberta a Kanada da na yankin Orinoko a Benezuwela. Kwaltar da ke kwance a Agbabu ta jihar Ondo da maƙwabtanta ita ma ragowar man da aka cinye masa romo ce.

Haka nan idan aka tura ruwan teku cikin rijiya don a ingizo mai, masu numfashi da salfet kan farka, su haifar da iskar nan mai wari, wadda ke cin ƙarfen bututu, kuma tana iya kashe ma'aikaci idan ta yi yawa.

Tsohon tekun ƙasar Sakkwato

Mutumin Kamarawa ko Isa ko Sabon Birni yana da nisan fiye da kilomita 700 daga teku mafi kusa. Amma masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa kimanin shekaru miliyan 50 zuwa 70 da suka wuce, wani teku mara zurfi ya ratso ta inda hamadar Sahara take a yau, ya rufe sassan Mali da Nijar da arewa maso yammacin Najeriya.

Shaidar tana nan a ƙasa. Masana sun raɗa wa shimfiɗun duwatsun yankin sunayen garuruwan da aka fi ganinsu, irin su Taloka da Dukamaje da Wurno da Dange da Kalambaina. Farar ƙasar da masana'antar siminti ta Kalambaina ke haƙa, daga ɓawon halittun wannan teku ta samu. An kuma tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa, wanda a 1972 masanan Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo.

Irin wannan lakar teku ce, idan ta binnu da zurfi ta sha zafi na tsawon zamani, take zama mai. Shi ya sa kwarin Sakkwato, wanda ɓangare ne na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙe zuwa Nijar da Mali, ke cikin wuraren da hukumomin Najeriya suka ware don neman mai, tare da na Cadi da Binuwai da Bida.

A nan ma ƙwayoyin suna da rawar takawa. Tun a shekarun 1930 masanan tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka lura cewa inda iskar gas ke silalowa daga ƙasa, bakteriyar da ke cinta kan yi yawa a saman wurin, don haka ƙidayar su na iya zama manuniya ga masu neman mai. Manuniya ce kawai, domin haƙa ce ke tabbatarwa.

Haƙar mai dai ta riga ta iso yankunan da ke nesa da teku. Nijar ta fara tace man Agadem a matatar Damagaram a 2011, a 2024 kuma ta fara fitar da shi ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar jamhuriyar Benin. A watan Nuwamban 2022 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar jihohin Bauchi da Gombe.

Baƙin mai a gida

Ko babu rijiya, malalar mai na aukuwa kullum a garuruwan arewa, sai dai kaɗan-kaɗan. Baƙin man da ake juyewa daga babura da motoci da janareto da injinan niƙa da injinan ban-ruwa na fadama, yawancinsa a ƙasa yake ƙarewa. Waɗansu kan shafa shi a katako don maganin gara, waɗansu kuma su zuba a masai.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce baƙin man juye ɗaya na mota yana iya ɓata ruwan sha galan miliyan guda.

A ƙasar Gobir abin lura shi ne fadama, inda ruwan ƙasa ke kusa, kuma daga nan ake sha, ake shayar da dabbobi, ake ban-ruwan albasa da shinkafa. Abin da ruwan sama ya wanke daga yankin Isa da Sabon Birni yakan faɗa gulbin Rima, ya bi ta madatsar Goronyo zuwa Sakkwato, ya shiga kogin Kwara, wanda ke ƙarewa a Neja Delta.

Masu bincike a jami'o'in arewa, ciki har da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da ta Bayero da ta Ahmadu Bello, sun sha ɗebo ƙasa daga garejin kanikawa, suna samun bakteriya masu cin mai daga dangin Pseudomonas da Bacillus. Buƙatunsu ɗaya ne da na 'yan uwansu na teku: iska, da danshi, da abinci mai naitirojin.

Saboda haka idan mai kaɗan ya zube a saman ƙasa, kaftar wurin da fartanya, da cuɗa shi da takin shanu ko kashin kaji, da yayyafa ruwa lokaci-lokaci, na sa ya ragu cikin makonni ko watanni. Zafin yankin yana taimakawa, amma bushewar rani tana tsai da aikin.

Akwai abin da wannan dabara ba ta yi. Ba ta kai wa ga man da ya nutse ƙasa da inda fartanya ke isa, ba ta kuma tsabtace rijiyar da mai ya riga ya shiga. Sa'an nan baƙin mai yana ɗauke da burbushin ƙarafa, irin su dalma da tutiya, waɗanda babu wata ƙwaya da ke iya cinye su. Suna nan a ƙasa, kuma shuka na iya tsotsar su.

Shawarar masana muhalli ita ce rigakafi ya fi magani: a tara baƙin mai a jarka ko durum mai murfi, a yi juye a kan daɓen siminti nesa da rijiya da bakin gulbi, a kuma ɗora injin ban-ruwa a kan faranti ko wani abin da zai tare ɗigon mai kafin ya taɓa ƙasa.